Baƙar Mota Ba Ta Rufa Asirin Mai Goge Ta

Na fara koyon fentin mota a Kaduna cikin ƙarshen shekarun 1980, a wani gareji da ba shi da nisa da kasuwar Panteka. A lokacin Fijo ce sarauniyar titi, domin tun 1975 ake harhaɗa ta a Kakuri, kuma kusan kowane ma'aikaci burinsa 504. Shekara guda na yi ina wanke bokiti da jiƙa samfefa kafin maigidana ya yarda na taɓa jikin mota da tsumman folish. Ko da ya yarda, fararen motoci ya riƙa ba ni. Baƙa kuwa shi da kansa yake tsayawa a kanta. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce: "Yaro, a farar mota kowa gwani ne. Baƙa ce ke faɗa wa duniya ko kai wane ne."

Daga baya na gane hikimar maganar. Ƙarzuwa a jikin fenti ƙaramin kwari ne da gefensa ke kama haske ya watsa shi fari. A farar mota, farin ya ɓace cikin fari. A baƙa ko shuɗiya mai duhu, kowane layi sai ya fito ɓaro-ɓaro kamar saƙar gizo da zarar rana ta haska. Shi ya sa duk wani ci gaba da aka samu a wannan sana'a, a jikin baƙar mota ake gwada shi.

Sana'ar tamu ta girmi yawancin masu yin ta da nisa. Motocin farko fenti da banish irin na keken doki ake shafa musu da buroshi, a jira makonni kafin su bushe. Kamfanin Ford a Amurka ya tsaya kan baƙin fenti kaɗai a motarsa Model T daga 1914 zuwa 1925. Abin da ya sauya al'amari shi ne fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda General Motors ya fito da shi a motar Oakland ta 1924. Feshi ake yi da shi, yana bushewa cikin sa'o'i, yana kuma zuwa da launi iri-iri. Sai dai idan ya bushe ba ya ƙyalli, dole sai an bi shi da guga. A nan ne mai goge mota ya samu gurbinsa. Kayan aikin ma a wannan zamanin suka taru: kamfanin 3M ya fito da samfefar da ake jiƙawa da ruwa a 1921, Meguiar's da ya fara da man goge kayan katako a 1901 ya juyo ga motoci, Menzerna kuma na Jamus tun 1888 yake haɗa abin goge ƙarfe.

Fentin da na tarar a garejinmu jikan wancan ne: shafi ɗaya, launi da ƙyalli a haɗe. Idan ka goge jar mota, tsummanka ya yi ja. Idan baƙa ce, hannunka ya yi kamar ka ɗebi gawayi. Wannan fenti yana dusashewa a ranarmu, amma yana da haƙuri, kana cire matacciyar fatar sai sabuwa ta bayyana. Kayanmu ba su da yawa: kwamfawun mai kaushi kamar yashi, galibi G3 na kamfanin Farécla na Ingila, da tsumman tsohuwar singileti, da ƙarfin dantse. Garejin da ya samu hali yana da injin juyi da faifan gashin tunkiya. Wanda ya fi danna inji shi ake kira jarumi.

Sai ga motocin Kwatano sun fara kwararowa a shekarun 1990, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Da su ne sabon fenti ya iso mana da yawa, wanda masana'antun Turai da Japan da Amurka suka koma wa tun shekarun 1980: launi a ƙasa, sannan kiliya, wato wani shafi garai-garai, a samansa. Mun riƙa gogewa muna duba tsumma ba mu ga launi ba, muna tsammanin aikin bai ci ba, sai mu ƙara dannawa. Ba mu san cewa kiliyar nan kaurinta bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, bai ma kai kaurin silin gashin kai ba. A wannan zamanin na ƙone gefen murfin wata baƙar Marsandi da faifan gashi. Daƙiƙa biyu na dakata a kan kaifin gefen, kiliyar ta tafi, wuri ya yi dishi-dishi kamar tabon wuta. Babu folish ɗin da ke mayar da abin da ya tafi, sai da muka sake fesa murfin gaba ɗaya, maigidana ya biya daga aljihunsa. Bai zage ni ba. Cewa ya yi: "Yau ka san fenti yana ƙarewa." Har gobe wannan darasi nake koya wa yarana kafin komai.

Ko inda ba a ƙone ba, injin juyi da gashin tunkiya suna barin wani abu a baƙar mota da muke kira sawun inji: wasu layukan haske masu bin ka duk inda ka matsa. A cikin rumfa ba a ganinsu, sai an fito rana. Abin takaici, maganin da aka fi yi a lokacin rufa-rufa ne. A shafa man da ke cike ƙarzuwa, mota ta fita tana walƙiya, mai ita ya biya yana murna. Wanki biyu ko uku, man ya wanke, saƙar gizo ta dawo. Mutane da dama sun yanke ƙauna daga baƙar mota saboda wannan ha'inci, alhali laifin na hannu ne ba na launi ba.

Gyaran ya zo ta hanyoyi uku. Na farko faifan soso, wanda ake yi da tauri daban-daban, daga mai ci zuwa mai laushi kamar burodi. Na biyu injin da ke juyi yana kuma karkarwa lokaci guda, ba ya bin layi ɗaya balle ya bar sawu, ba ya kuma tara zafi wuri guda. Porter-Cable 7424 ne ya yaɗa shi a Amurka a shekarun 1990, sannan Rupes na Italiya ya faɗaɗa karkarwar zuwa milimita 15 da 21 a injinansa BigFoot, aikin ya ƙara sauri. Na uku shi ne folish ɗin kansa. Akwai mai ƙwayar da ke farawa da kaushi tana narkewa tana laushi yayin da kake aiki, irin wanda aka san Menzerna da shi, wanda idan ka tsaya da wuri zai bar hazo. Akwai kuma mai ƙwaya ƙanana ƙwarai da ba sa sauya girma, kamar M105 da M205 na Meguiar's, wanda kai ne za ka san lokacin ɗaga hannu. Wanda bai san wane iri ne a hannunsa ba, a makance yake aiki.

Wani abin da shekaru suka koya mana shi ne baƙi suna ya tara. Kiliyar motocin Jamus galibi tauri gare ta, musamman tun da Marsandi ta shigo da kiliya mai jure ƙarzuwa a farkon shekarun 2000. Folish mai laushi sai ya yi ta zamewa a kanta bai cire komai ba. Baƙar Honda ko Toyota kuwa sau da yawa laushi gare ta, har tsumman da ka share ta da shi yana iya zana ta. Haɗin da ya fitar da Marsandi kamar madubi, shi ne zai bar Honda da hazo. Ga kuma motocinmu da yawa an taɓa yi musu feshi a wani gareji, ƙofa ɗaya daban, murfi daban.

Saboda haka yau idan baƙar mota ta shigo wurina, ga yadda nake yi. A wanke ta sosai a inuwa, a bar jikin ya huce, domin ƙarfen baƙar mota a ranar Afrilu yana busar da folish kafin ya yi aiki. Sai in ware wuri kamar faɗin dardumar yaro a kan murfi, in fara da folish mafi laushi da soso mafi laushi. Idan ya isa, alhamdu lillahi, na tsirar da kiliya. Idan bai isa ba, soso nake fara sauyawa kafin folish, mataki ɗaya kawai. Gashin tunkiya ko faifan zare mai laushi sai ƙarzuwa ta yi zurfi, kuma dole a bi bayansu da soso mai laushi. Launin soso ba hujja ba ne, domin kowane kamfani da nasa tsarin, da yatsa ake jin taurinsa. A zagayen ƙarshe ana rage gudun inji, a sassauta hannu, a riƙa share soson bayan kowane yanki, domin soso mai datti shi kansa samfefa ne. Daga nan in share wurin da sifirit da aka sirka da ruwa, duk wani man da ke ɓoye aibi ya tafi, in fito da motar rana in duba. Abin da rana ta amince da shi, shi nake miƙa wa mai mota. Ƙarzuwar da farce ke maƙalewa a cikinta kuwa, ina faɗa masa gaskiya cewa ta fi ƙarfin folish.

Na ga wannan sana'a ta taso daga ƙarfin dantse ta koma sanyin hannu, kuma na gode wa Allah da na ga haka. Saura abu guda da ke hannun masu motoci. Yawancin saƙar gizon da nake cirewa ƙurar hunturu ce ta haife ta, lokacin da aka sa busasshen tsumma aka share mota da safe. Ƙurar nan yashi ne mai kaifi, kowace shara tana zana kiliya, kowane gyara kuma yana rage ta. Don Allah, mai baƙar mota, a zuba ruwa kafin a taɓa ta. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a, ku fara da mafi laushi, ku duba aikinku a rana kafin ku karɓi kuɗin mutum.