Shekara ɗari da Babule: wasa ne ko tawaye?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan bori a ƙasar Maradi, daga Agiye da Gazawa har Gidan Rumji, da wuya a ce bai ji labarin iskokin sojan nan ba, masu ƙamewa su sara wa juna, su yi ta fareti suna zuba Faransanci tsinke-tsinke. Su ne Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka. A 2025 suka cika shekara ɗari da bayyana, kuma har yau masana ba su daina musu a kansu ba.

Abin ya faro ne a 1925 a ƙasar Kurfai, wajen Filinge, a kan wata mata mai suna Shibo. Iskokin da suka hau ta baƙi ne, ba a san su a bori ba: gwamna, kwamanda, kyaftin, kofur. Nan da nan samari suka bi ta. Sukan sassaƙa bindigogin itace, su yi sahu, kumfa na zuba a bakinsu, su goga wuta a jiki don a shaida ba mutum ke nan ba. Sarkin Filinge, Gado Namalaya, ya kai ƙara wajen Nasara. Kwamandan Yamai, Croccichia, mutumin tsibirin Kosika, ya sa aka tattaro su da dama aka zuba a gidan kaso, aka ba su kashi don su furta da bakinsu cewa babu wasu iskoki. Ba a daɗe ba sabon iska ya sauka, sunansa Kwamanda Mugu, wanda ake kuma ce wa Korsasi. Wanda ya daure su ya zama ɗaya daga cikin abin da ke hawansu.

A daidai waɗannan shekaru, a Balin ta Jamus ma soja ake yi wa shaƙiyanci, amma a ɗakunan zane da gidajen rawa na dare. A baje kolin masu zane 'yan Dada na 1920 an rataye mutum-mutumin hafsan soja mai kan alade a rufin ɗaki. A 1921 kotu ta ci mai zane George Grosz tarar mak 300 saboda zanensa ya ci mutuncin rundunar soja. Ɗan barkwanci Werner Finck, wanda ya buɗe gidan wasan Katakombe a 1929, ya yi ta yi wa 'yan Nazi habaici har 1935, lokacin da aka garƙame gidan aka tura shi sansanin Esterwegen. Wani Bajamushe masanin al'adu, Julius Lips na birnin Kolon, ya tsere daga ƙasar a 1934, ya fitar da littafi a 1937 kan yadda mutanen da aka mallaka suke zana Turawa da sassaƙa su.

Da irin wannan ido Turawa da yawa suka kalli Babule: talakan da ba shi da bindiga ya rama da dariya. Ba'amurke Paul Stoller ya ga barkwanci mai ban tsoro a cikin wasan. Fassarar tana da daɗin ji, amma ta fi dacewa da Balin fiye da Kurfai. Finck ya san yana wasa, masu kallonsa sun sayi tikiti, in an tashi kowa ya kama hanyar gida. Dokin bori kuwa cewa yake bai san abin da ya faru ba, kuma mutane na zuwa wurinsa neman magani da tsari daga mayu. Ba a kai wa abin dariya hadaya.

Bayanin masanin tarihi Finn Fuglestad, wanda ya fito a 1975, ya fi zama daram. Ya duba wa abin ya fi ƙona wa rai, sai ya ga sarakunan da Faransa ta ɗaure wa gindi ne, masu tara haraji da kama mutane aikin tilas. Mabiya Shibo sun ƙi biyan haraji, sun ƙi aikin, wasu suka bar garuruwansu suka kafa nasu sansani mai nasa shugabanni. Ƙarfin Nasara suka aro don su taka sarki. Shi ya sa ƙarar ta fito daga fada, kuma zuwa 1927 aka kori jagororinsu daga ƙasar.

Sauran labarin ya bi hanyar 'yan ci-rani. Sun kai Hauka har Akara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954. Da aka nuna shi a Faris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka suka ce cin fuska ne, Ingilishi kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas, ƙasar da aka ɗauki fim ɗin. Ta gabas, iskokin sun shiga bori a Arewa da Maradi, suka tsallaka Kano, inda wani Bajamushe, Matthias Krings, ya tarar da su a shekarun 1990 ana kiransu Turawa, suna shan taba, suna ba da magani.