Dokar Taskar da Ba a Haƙo Ba

Tun da aka kafa gidauniyar GESDA a Jeniba a 2019, don masana da jakadu su zauna su hango abin da bincike zai haifar nan da shekara 5, 10 da 25, ake samun masu cewa ɓata lokaci ne. A ganinsu ƙasashe ba sa zaman shawara sai gobara ta tashi. Sukan jingina da hujjar David Collingridge (1980): fasaha tana jaririya ba a san illarta ba, ranar da aka sani kuwa ta fi ƙarfin linzami.

Hujja ce mai nauyi, sai dai da alama ta tsallake labarin ƙarƙashin teku. A Nuwamban 1967 jakadan Malta, Arvid Pardo, ya yi doguwar magana a Majalisar Ɗinkin Duniya kan wasu dunƙulayen ma'adinai, baƙaƙe, girman dankalin Turawa, da ke zube a zurfin fiye da mita 4,000, ɗauke da manganis da nikel da kobalt. Babu kamfanin da ke haƙarsu a lokacin. Duk da haka ya nemi a ɗauke su gadon ɗan Adam baki ɗaya, kuma ƙa'idar ta shiga Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982.

Mai suka zai ce hasashen da aka yi kan ma'adinan ya faɗi ƙasa. Yana da gaskiya, har fiye da yadda magoya bayan GESDA za su so. An zaci arziki na bakin ƙofa, amma aka shiga shekarun 2020 ba a fara haƙa don kasuwa ba. Amurka ta ƙi sa hannu a 1982, kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 1994 ya soke tilasta wa masu fasaha su miƙa ta ga ƙasashe masu tasowa. Dole a rage faɗin da'awar ke nan: jakadu ba su iya duban lokaci ko riba ba. Abin da ya tsira shi ne batun mallaka, da hukumar da yarjejeniyar ta kafa a Kingston wadda ke ba da lasisin bincike. Da wuya a ce ƙasashe masu jiragen haƙa za su yarda da wannan in da sun riga sun ɗanɗana riba.

Wataƙila shi ya sa cibiyar Open Quantum Institute, da GESDA ta assasa kuma cibiyar bincike ta CERN ta karɓi baƙuncinta a 2024, ta soma da tambayar wa zai samu damar amfani da kwamfutar kwantam, alhali na'urar ba ta gama nuna ba.