Magani da Mai Rakiya: Gwajin Silosaibin a Ma'aunin Girka da Tramol a Gaya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda likitocin ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka suka koma gwada silosaibin, sinadarin da ke cikin wasu nau'o'in naman kaza, domin maganin ciwon damuwa. Ta auna gwajin da girkar bori ta ƙasar Hausa, da kuma shan tramol da zaƙami a Gaya. Matsayinta shi ne, babban kaso na warakar yana hannun masu rakiyar majiyyaci, kuma wannan kason ne Gaya take buƙata.

1.0 Gabatarwa

Gaya gari ne na mahaɗa. Tana bakin kogin Kwara a kudancin jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, gada ta haɗa ta da Malanbil ta Jamhuriyar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a gabas da ita. Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya. Shekara da shekaru kayan da aka sauke a tashar ruwan Kwatano ta nan suke bi zuwa Yamai, kafin rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Garin da kaya ke ratsawa, labari ma yana ratsa shi. Yau ta wayar hannu matasa suna jin cewa Turawa sun gano wani naman kaza mai wanke baƙin ciki. Kafin labarin ya zama haja, ya kamata a san asalinsa.

2.0 Daga ɗakin María Sabina zuwa ɗakin gwaji

Mutanen Mazatek na jihar Wahaka a Meziko sun daɗe suna cin wannan naman kaza a zaman dare na neman lafiya. A 1955 wani ma'aikacin banki Ba'amurke, Gordon Wasson, ya halarci zaman da wata mai magani, María Sabina, ta jagoranta, ya buga labarin a mujallar Life a 1957. A 1958 Albert Hofmann na kamfanin Sandoz a Suwizalan ya ware sinadarin. Sai baƙi suka yi wa ƙauyen María Sabina tsinke, ba don rashin lafiya ba, don sha'awar gani. An ƙona gidanta, ta mutu a 1985 cikin talauci. A 1971 yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa silosaibin cikin rukunin da aka fi tsananta wa.

Binciken Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins a 2006 ne ya sake buɗe ƙofar. A 2021 masu bincike na Kwalejin Imperial ta Landan sun gwada silosaibin da sanannen maganin damuwa, escitalopram, a kan mutum 59, ba su kuwa sami bambanci mai ƙarfi a babban ma'auninsu ba. A 2022 gwajin kamfanin Compass a kan mutum 233 da sauran magunguna suka gaza musu ya nuna cewa kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka ba miligiram 25 sun samu sauƙi sosai bayan mako uku, alhali na miligiram 1 kashi 8 ne. Amma tazarar ta ragu bayan wata uku, wasu kuma sun shiga tunanin kashe kansu. Jihar Oregon ta Amurka ta halatta zaman da ake yi da mai rakiya ta ƙuri'ar 2020, Ostareliya kuma ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izini daga 1 ga Yulin 2023.

Abin lura shi ne yadda ake yin zaman. Da farko ana tantancewa, a cire duk wanda ke da tarihin taɓin hankali, ko shi ko danginsa na jini. Ana zama da majiyyaci sau da dama ana hira har ya saki jiki. Ranar sha, yana kwance a kan doguwar kujera, an rufe masa ido, an sa masa kiɗa mai taushi a kunne, mutum biyu na zaune gefensa awa shida zuwa takwas. In tsoro ya kama shi, a riƙe masa hannu. Washegari a dawo a warware abin da ya gani tare da shi. Ke nan ƙwaya ɗaya ce, amma sa'o'in kulawa da yawa. Tun da mai sha yakan gane cewa ya sha, har yanzu masana ba su iya raba aikin sinadarin da aikin kulawa da kyakkyawan zato ba.

3.0 Girka a matsayin tsari

Bahaushen da ya san bori zai ga wannan tsari bai zame masa baƙo ba. Fremont Besmer ya bayyana girkar Kano a littafinsa na 1983, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin ta Maraɗi a 1972, Adeline Masquelier kuma ta rubuta a kan borin Arawan Dogon Dutsi, cikin jihar Doso kanta, a 2001. A wajen Zabarmawa da Dandawa zima ne ke riƙe da irin wannan aiki, da goge da kiɗan ƙwarya.

A girka ana keɓe mara lafiya kwanaki, galibi bakwai. Akwai uban girka mai haɗa saiwoyi da turare, akwai mace mai kula da ci da wanka da kwanciyarsa. Masu garaya ko goge suna kaɗa taken kowane iska. In abin ya hau, akwai masu tare shi kada ya ji ciwo, masu gyara masa zane. A ƙarshe a yi kwanan zaune, gari ya waye a fito da shi gaban jama'a, ya samu sababbin 'yan'uwa waɗanda za su riƙa leƙa shi. Matar da kishi ko rashin haihuwa ko mutuwar ɗa ya dafa wa zuciya, a nan takan samu wurin da za ta yi kuka a saurare ta.

Faɗin wannan ba kiran komawa bori ba ne. Malamai sun yaƙe shi tun jihadin 1804 saboda abin da ke cikinsa na bautar iskoki, kuma babu gwajin asibiti da ya tabbatar da ingancinsa. Abin da nazari ke ɗauka daga gare shi shi ne ginshiƙai huɗu: shiri, mai tsaro, kiɗa, da mayar da mutum cikin jama'a. Uku na farko su ne asibitocin Landan suke biyan kuɗi masu yawa a kai. Na huɗun kuwa har yanzu yana ba su wahala.

4.0 Sinadari ba rakiya

Gaya ta riga ta san yadda sinadari yake in babu mai rakiya. Je teburin mai shayi da sassafe kusa da tasha. Ɗan kabu-kabu zai faka babur, ya ɓare ƙwayar tramol ya jefa cikin kofi, ya kurɓe, ya ce yanzu jiki ya zo. Ba nishaɗi yake nema ba, ƙarfin yini yake saye, da mantuwar bashi. Ba wanda ya tambaye shi abin da ke cin ransa, ba wanda zai riƙe shi ranar da farfaɗiya ta kayar da shi a kan kwalta.

Haka zaƙami, wanda sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa gargaɗi. Sinadaran atirofin da sikofolamin da ke cikinsa suna busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, su zafafa jiki, mutum ya yi ta kama abin da babu, ya farka bai tuna komai ba, in ya farka. Silosaibin ba ya kama jiki yadda tramol ke yi, amma yana iya tayar da taɓin hankalin da ke kwance, kuma mai tsintar naman kaza a daji yana iya tsinto mai dafin da ke lalata hanta. In ya shigo kasuwar kan iyaka, ba da likita zai shigo ba, a leda zai shigo.

Ta fuskar fiƙihu ma akwai abin dubawa. Imam Ƙarafi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya bambanta a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin abin da ke sa maye, da mai ɓata hankali, da mai gusar da ji. Wannan rabe-rabe ne ya ba malamai hanyar tattauna allurar barci a tiyata. Hukuncin silosaibin a hannun likita mas'ala ce ta malamai da likitoci su zauna a kai. Shan sa don neman buɗi ko nishaɗi kuwa ya faɗa cikin gusar da hankali ba da lalura ba.

5.0 Abin da za a iya yi

Zaman silosaibin ɗaya a Oregon yakan haura dala dubu. Iyalin da ke Gaya kuwa, in ɗansu ya rikice, sai dogon zango zuwa sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai, ko su tsallaka zuwa Kware a jihar Sakkwato. Wasu sukan ƙare a gidan mari, irin wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, suka fito da mutum sama da 300.

Akwai misali daga cikin gida. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyaci ke sauka a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa, ana yi masa maganin asibiti, ana kuma shawara da masu maganin gargajiya. Irin wannan ba ya buƙatar naman kaza. Yana buƙatar ma'aikacin jinya da aka horar da sauraro, da liman da ungozoma da suka san alamun ciwon damuwa, da dangin da ba sa jin kunyar kai nasu asibiti.

6.0 Kammalawa

Binciken silosaibin na gaske ne, sakamakonsa kuwa bai nuna ba tukuna, kuma doka ba ta halatta shi a Nijar ko Nijeriya ba. Darasin da ya riga ya fito fili shi ne mai ciwon damuwa yana samun sauƙi in aka zauna da shi, aka tsare shi, aka mayar da shi cikin mutane. Kira ga hukumomin lafiya na jihar Doso da sarakuna da malaman Gaya shi ne su fara da wannan: kowace cibiyar lafiya ta samu mutum ɗaya da aka koya wa zama da mai damuwa, kafin 'yan leda su riga su.