Tarihin maɓallin Wi-Fi da ya daɗe yana wahalar da Linux

1/ Saura kwana huɗu in miƙa furojet na sa wa laftof ɗina Linux, sai Wi-Fi ya ɗauke ɗif. Na danna Fn da maɓallin nan mai hoton eriya har na gaji, shiru. Neman gyara ne ya jefa ni cikin tarihin wannan ɗan maɓalli. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Na rubuta rfkill list, ya amsa min da "Hard blocked: yes". Wato wai akwai makunni a jikin na'urar da aka kashe da hannu. Na juya ta gaba da baya, wallahi babu wani makunni.

3/ A tsofaffin laftof da yawa akwai shi da gaske, ɗan abin da ake turawa a gefe, ya kashe rediyon. Maɓallin Fn kuwa saƙo kawai yake aikawa ta ACPI, tsarin da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. Kowane kamfani ya ƙirƙiri salon saƙonsa, ya rubuta manhajar da za ta fahimce shi a Windows, shi ke nan. 'Yan Linux sai dai su yi ta tono.

4/ Shi ya sa kanel, wato zuciyar Linux, ta cika da direbobi masu sunan kamfani: thinkpad_acpi, acer-wmi, hp-wmi, dell-laptop.

5/ A 2007 rfkill ya shiga Linux 2.6.22, aikin Ivo van Doorn, don kashe rediyo ya bi ƙofa ɗaya. A 2009 Johannes Berg ya sake rubuta shi a 2.6.31. Kulle iri biyu ne: na manhaja, wanda umarni ke buɗewa, da na jikin na'ura, wanda babu umarnin da ke taɓa shi.

6/ Windows 8 ta zo a 2012 da yanayin jirgin sama, kashe rediyo ya koma hannun babbar manhaja, makunnin gefe ya yi ta ɓacewa. Nan fa rikicin yake.

7/ Direban ideapad-laptop na na'urorin Lenovo ya ci gaba da tambayar na'ura ko makunni a kunne yake. Waɗanda ba su da shi sam, da yawansu sai su ce a kashe yake. NetworkManager ya gaskata, ya rufe Wi-Fi. Maganin da aka samo: jerin sunayen na'urori marasa makunni. Duk sabuwar da ta fito sai wani ya kai ƙorafi, a ƙara sunanta, a jira sabuwar kanel. Shekaru fa ana haka!

8/ A 2019 Hans de Goede ya juya lissafin: a ɗauka babu makunni, sai na'urar da aka tabbatar tana da shi. A ganina an makara, amma daidai ne. Idan aka yi kuskure ta nan, makunni kawai ba za a gani ba. Ta can kuwa mutum ba shi da intanet ɗin da zai nemi taimako.

9/ Tawa ba Lenovo ba ce, amma ciwon ɗaya ne. Na sauke direban kamfaninta da modprobe -r, Wi-Fi ya dawo nan take, na tura furojet ana saura kwana biyu. Maɓallin dai har yau ba ya aiki.