Foca, Kyamarar da Faransa Ta Ƙera wa Kanta

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, garin Bièvres da ke kudancin Paris yakan cika maƙil da dillalan tsofaffin kyamarori. Tun 1964 wannan kasuwa take ci. A kan teburansu, tsakanin Leica ta Jamus da Nikon ta Japan, akan ci karo da wata 'yar madaidaiciya mai nauyi a hannu, da tauraro biyu ko uku a jikinta. Sunanta Foca.

Faransawa ba baƙi ba ne a harkar hoto. A Lyon ne 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka ɗauki ma'aikatansu suna fitowa daga masana'anta a 1895, kuma su ne suka kawo hoto mai launi na Autochrome kasuwa a 1907. Amma ƙaramar kyamara mai cin fim ɗin milimita 35, wadda ake rataya a wuya, Jamusawa ne suka yi fice a kanta. Leica ta fito a 1925, a 1932 kuma aka haɗa mata ma'aunin nisa. Ko Henri Cartier-Bresson, gwanin hoton Faransa, da ita ya yi suna.

Kamfanin da ya ɗauki gabarar mayar da martani shi ne OPL na Levallois-Perret, a gefen Paris, wanda wani basarake masanin kimiyya, Armand de Gramont, ya kafa a 1919. Asalin sana'arsa ƙera wa soja kayan hangen nesa da na auna nisa, irin waɗanda ake saita bakin igwa da su. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, sai aka juya wannan gwaninta ga hoto, Foca ta shiga kasuwa.

To yaya ma'aunin nisan Foca yake aiki? Ka kafa ido a 'yar tagar baya. A tsakiya za ka ga ɗan fili mai haske, inda fuskar wanda kake ɗauka ta rabu biyu, kamar mai ganin jiri. Dalili kuwa, tagogi biyu ne a gaba, kowace tana hango shi daga nata gefen, madubi yana haɗa su. Sai ka riƙa murɗa zoben gilashin a hankali, fuskokin suna matsowa, har su hau kan juna su zama ɗaya. Nan ne nisa ya daidaita, sai ka danna. Ba batir, ba allo, yatsa ne da ido kawai. A Leica ta wancan zamani sai ka auna nisa a wata taga, ka koma wata ka tsara hoton. Foca ta haɗa su a taga guda, abin da Leica ba ta yi ba sai da M3 ta fito a 1954. Bayan Foca ma cirewa ake yi gaba ɗaya a sa fim, ba a cusa shi ta ƙasa.

Taurarin nan kuwa martaba ce, kamar anini a kafaɗar hafsa. Mai ɗaya ba ta da ma'aunin nisa, mai biyu tana da shi, mai uku ta ƙara da iya jinkirta buɗewa don wurin da haske ya yi ƙaranci. A 1949 aka fito da Universel, wadda ake sauya wa gilashi da murɗawa ɗaya.

A ganina, rabin nasararta inuwar gwamnati ce. Bayan yaƙi an takura shigo da kayan waje, Bafaranshe mai son kyamarar kirki bai da zaɓi da yawa. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Rome a 1957, shingen ya fara zubewa, kayan Jamus suka kwararo. Japan ta biyo da irin wadda ake leƙe ta cikin gilashin kansa, musamman Nikon F ta 1959. A 1964 OPL ya haɗe da kamfanin SOM, ba a jima ba aka daina ƙera Foca.

Shi ya sa lokacin da aka kwashe kasuwar abinci ta Les Halles, wato kamar a ce Dawanau ta Faransa, wadda mai ɗaukar hoto Robert Doisneau ya shafe shekaru yana ɗaukar mahautanta da 'yan dakonta, daga tsakiyar Paris zuwa Rungis a 1969, Foca ta riga ta koma kayan gwanjo.

Wanda ya san kan abin, in ya ɗaga ta a Bièvres, ba ya fara da tambayar kuɗi. Yakan cire bayan, ya ɗaga ta ga rana, ya duba labulen ƙyallen da ke tare wa fim haske. Tsufa kan huda shi, kuma huda ko da ta kai bakin allura ce, sai ta bar farin tabo a kowane hoto cikin 36 ɗin da ke fim.