Duba Babban Hanji: Tasirin Sanar da Likita Sakamakon Aikinsa

Kolonoskofi gwaji ne da likita ke zura siririyar roba mai kyamara ta dubura domin leƙa babban hanji. Manufarsa ita ce gano ƙananan tsiro a cire su kafin su rikiɗe su zama sankara. Ana auna ƙwarewar likita da yawan mutanen da ya gano wa irin wannan tsiro cikin kowane 100 da ya duba.

Binciken da aka wallafa a Amurka a 2014 ya nuna cewa duk ƙarin kashi 1 a wannan ma'auni yana tafiya da raguwar haɗarin sankarar da kashi 3. A Poland, inda aka riƙa ba likitoci rahoton aikinsu kowace shekara, nazarin 2017 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu sun inganta.

Mazauna Wurno, Rabah da Goronyo masu buƙatar gwajin kan nufi manyan asibitocin Sakkwato, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tsiron da ido ya tsallake yana iya jawo musu tiyata da doguwar jinya.