Daga Allurar Brown-Séquard Zuwa Gwajin Jini: Tarihin Rashin Haihuwa Ta Ɓangaren Maza

A gida, idan ma'aurata suka shekara uku babu ƙaruwa, matar ake kallo. A kira ta juya, a yi mata kishiya, shi kuwa maigida babu mai tambayarsa. Tarihin likitanci a nan Faransa ya nuna cewa wannan hukunci bai da tushe.

Ranar 1 ga Yunin 1889, Charles-Édouard Brown-Séquard, malami a Collège de France mai shekara 72, ya sanar da taron masana a Paris cewa ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tace daga marainan karnuka da ɓerayen Masar, kuma ƙarfinsa ya dawo. Nan da nan likitoci a Turai da Amurka suka rungumi abin. A 1920 Serge Voronoff ya fara dasa wa maza yankin marainan biri a Paris. Duka biyun ba su yi amfani ba, domin ruwan allurar ba ya ɗauke da sinadarin da zai yi tasiri, jiki kuma ba ya karɓar naman biri. Sai dai tunanin farko daidai ne: maraina na zuba wani sinadari cikin jini. Sai a 1935 aka tace shi a Amsterdam, aka kira shi testosteron.

Aikin da ya fi inganci a Lyon aka yi shi, ba tare da hayaniya ba. Claudius Regaud ya yi shekaru yana nazarin yadda maniyyi ke samuwa a jikin ɓera. A 1906 ya nuna cewa hasken hoton ƙashi yana kashe ƙwayoyin da maniyyi ke tsirowa daga gare su. Masu binciken zamanin sun lura cewa irin wannan dabba takan ci gaba da barbara, amma ba ta haihuwa. Ashe kuzarin namiji daban, haihuwa daban.

A yau likita kan fara da gwajin maniyyi, sannan ya auna testosteron da sinadaran FSH da LH, waɗanda ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa suna ba maraina umarni. Idan FSH ya yi sama, galibi maraina ne suka gaza. Idan duka suka yi ƙasa, matsalar daga ƙwaƙwalwa take, kuma sau da yawa tana jin magani. Wanda ya sha testosteron ba da izinin likita ba kuwa, rage maniyyinsa yake yi, don ƙwaƙwalwa za ta daina ba da umarnin.

Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala ta ɓangaren miji. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. 'Yan'uwa ɗalibai, idan mun koma gida, kafin a zargi matar yayanmu ko a saya masa maganin ƙarfin maza a tasha, mu ce su je asibiti tare.